Daga 'Yan Bindigar Sarki Zuwa Filin Gasa: Abin da Bidiyon Ɗura Harsashi Ba Ya Faɗa wa Matasan Kano

A cikin PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty: Mobile, idan harsashi ya ƙare, maɓalli ɗaya ake taɓawa a gefen allon waya, kafin ƙiftawar ido an ci gaba da fafatawa. 'Yan gem suna ce wa wannan rilodin. Amma duk wanda ya rubuta kalmar a wurin bincike na TikTok ko YouTube zai iya cin karo da wani abu daban: mutum zaune a garejin gidansa a Amurka, gabansa wani inji mai hannu, yana ja yana saki, harsasai masu jan kai suna ta faɗowa cikin kwano ɗaya bayan ɗaya. Shi ma rilodin ake ce masa, sai dai ma'anarsa a nan ita ce sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba, domin a sake harba shi a gasa. Bidiyon yana da daɗin kallo, ƙarar injin tana tafiya kamar kiɗa, kuma da zarar mutum ya kalli biyu, manhajar za ta turo masa ashirin.

Birnin Kano ba baƙo ba ne wajen ɗura bindiga. An fi shekara 250 ana yi a cikin ganuwa. Sai dai tsakanin ɗurin da 'yan bindigar Sarki suke yi da wanda ake gani a waya akwai tazara mai yawa, ta fasaha da ta doka, kuma masu ɗora bidiyon ba su da dalilin bayyana ta, tunda ba don mutanen Jakara ko Yakasai suka ɗauka ba.

Ƙarar da birni ya saba da ita

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san yadda abin yake. Tun kafin a hango laimar Sarki ake jin ƙarar, sai farin hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, yara su toshe kunne suna dariya, matasa kuwa su ɗaga wayoyi sama. Bindigar da ke wannan ƙara ta baki ake ɗura ta. Ana zuba albarushi, a tura abin toshewa, a danna da doguwar sanda, sannan a buga. Ba saiti ake nema ba, ba kuma wani abu ake son samu ba. Ƙara da hayaƙi su ne aikin, domin sanar da jama'a cewa Sarki ya fito, ko an yi naɗin sarauta.

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, bindigogi suka fara shigowa ta hanyar Nufe. Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne na farko da ya kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaron Sarki. Borno ta riga Kano, domin tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma yake da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. A ƙarni na 19 kuma Sarkin Damagaram Tanimu ya kai ga sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a Zinder. Bindigar toka da aka fi sani a ƙasar Hausa ta samo asali ne daga dogayen bindigogin da fataken Turai suke sayarwa a bakin teku. Turawa suna danganta sunanta da 'yan Denmak, waɗanda suke da sansanin ciniki a Akara.

Akwai dalilin da ya sa wannan tsohuwar fasaha ta daɗe a nan alhali duniya ta wuce ta. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai sun amince su hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga masu ɗurin baki kawai. Sakamakon ya bayyana ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da Kanar Morland ya iso bakin ganuwa da sojoji sama da 700, da igwa, da bindigar Maxim mai aman harsashi ɗaruruwa a minti guda, Sarki Alu kuma yana hanyar Sakkwato. Masu tsaron birni ba jarumta suka rasa ba. Kafin mai bindigar toka ya gama ɗuri ɗaya, na waje ya harba da yawa, domin shi ɗurinsa an riga an yi masa a masana'anta, an rufe a cikin kwanso.

Daga nan bindigar toka ta koma ta farauta da ta biki. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, duk da cewa a 2024 da 2025 'yan sanda sun dakatar da hawan saboda rikicin masarauta, har yara da yawa suka fi sanin ƙarar 'yan bindiga a tsofaffin bidiyo fiye da a fili.

Abu huɗu a cikin abu ɗaya

Wancan kwanso da ya raba gardama a 1903 shi ne tushen bidiyon da ake kallo yau. Abin da ake kira harsashi a dunƙule abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanson tagulla. Akwai 'yar ƙwayar tartsatsi a gindinsa, wadda ke kamawa idan an ja kunama ƙarfe ya doke ta. Akwai garin da ke ƙonewa ya haifar da iska mai ƙarfi. Sai kuma kan harsashin, wanda shi kaɗai ne ke fita ta bakin bindiga. Uku suna ƙarewa a harbi ɗaya, kwanson ne kawai ke faɗowa ƙasa da sauran amfani, kuma yawanci shi ya fi sauran tsada. Tagulla tana da wata ɗabi'a: tana buɗewa ta toshe ko'ina lokacin harbi, sannan ta ɗan koma, don haka ana iya gyara ta a sake amfani da ita sau da yawa kafin ta tsage.

Ɗan gasa na gaske yana harba dubban harsasai a shekara wajen atisaye, wasu dubun-dubata. Shi ya sa a ƙasashen da doka ta yarda suke tsince kwansonsu bayan an tashi, kamar yadda ake tsintar gwangwani. Kamfanoni irin su Dillon Precision da ke jihar Arizona suna ƙera injin da kowane jan hannu yake yin ayyuka da yawa lokaci guda a kan kwanso daban-daban, kuma shi ne injin da ke yawan fitowa a bidiyo. Arha ita ce dalili na farko. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga ɗan gasa, shi ne ya samu harsashi dubu da kowane ɗaya yake tafiya daidai da ɗan'uwansa.

Garin da ke cikin kwanson zamani ba albarushin 'yan bindigar Sarki ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya samar da gari mara hayaƙi a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na tsohon albarushi. Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9, wanda Georg Luger ya tsara a farkon ƙarni na 20, matsin iskar da yake haifarwa yana iya kaiwa 35,000 a ma'aunin da mai faci yake auna taya da shi. Tayar mota ba ta wuce 30 da ɗan wani abu. Wato ninki dubu, a cikin wuri da bai kai ɗan yatsa ba, a tafin hannun mutum.

Rigar jan ƙarfe

Jan kai mai sheƙi da ke ɗaukar ido a bidiyo, wanda wasu ke zaton zinare ne ko jan ƙarfe zalla, dalma ce aka sa wa riga. Dalma tana da nauyi, tana da arha, tana da laushi, shi ya sa aka yi ɗaruruwan shekaru ana harsashi da ita. Laushin nan kuma shi ne aibinta. Idan gudu ya yi yawa tana gogewa ta manne a cikin bututun bindiga, zafin harbi kuma yana ƙona gindinta ya tayar da tururin da mai harbi zai shaƙa. A 1882 wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya kawo mafita: a ƙera ɗan kofi na ƙarfe mai tauri, a cusa dalmar a ciki. Wannan shi ne harsashin soja har gobe. Sai dai yana da tsada, kuma a mafi yawansa gindin dalmar a buɗe yake.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta shafi duk mai riƙe da waya, ko da bai taɓa ganin bindiga ba. Ana zuba dunƙulen dalma a cikin wata ganga mai juyawa, a nutsa ta a ruwan sinadari mai ɗauke da jan ƙarfe, a haɗa wutar lantarki. Wutar tana jan ƙwayoyin jan ƙarfe daga ruwan, tana liƙa su a jikin dalmar kaɗan-kaɗan, na tsawon sa'o'i, har ta lulluɓe ko'ina, da gindin duka. Wani Ba'italiye, Luigi Brugnatelli, ya gano wannan dabara a 1805, 'yan gidan Elkington na birnin Birmingham kuma suka mai da ita sana'a daga 1840. Ita ce dai ake yi wa sarƙa da ɗan kunne masu ruwan gwal da ake sayarwa a kasuwa. Ita ce ta sa fuskar layin waya take da launin zinare. Da ita ake lulluɓe 'yan haƙoran da ke cikin bakin caja don kada su yi tsatsa, da ita kuma ake shafe ƙananan ramukan da ke haɗa hanyoyin wuta a allon injin waya. Mai gyaran waya a Farm Centre ko titin Beirut yana taɓa aikin wannan fasaha sau ɗari a yini.

Rigar da lantarki ke sakawa siririya ce, kaurinta bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Wannan ya sa ta fi kofin Rubin arha, ta fi dalma tsirara tsafta, amma tana da iyaka. Kamfanin Berry's da ke jihar Utah, ɗaya daga cikin sanannun masu yin irin wannan harsashi, yana gargaɗin kada nau'insa na yau da kullum ya wuce gudun ƙafa 1,250 a daƙiƙa. Idan aka wuce, ko aka matse bakin kwanso fiye da kima har ya yanki rigar, tana iya yagewa a hanya, harsashin ya riƙa wuntsilawa, ya bar rami a karkace a jikin takardar saiti maimakon zagayayye. Yawancin muhawarar da 'yan gasa ke yi a kan wannan nau'i a nan take tsayawa: nawa aka rage a kuɗi, nawa aka rasa a saiti. Ga gasar da ake harbi a tazarar mita goma ko ashirin, da yawansu sun gamsu cewa cinikin ya yi.

Batun tsafta kuwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma mutanen Arewa sun fi kowa sanin haka. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake daka a gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi mara illa. A ɗakunan harbi na rufe, inda iska ba ta yawo sosai, ƙurar dalma tana taruwa, shi ya sa wasu ba sa yarda a shigo da harsashin dalma tsirara. Ko mai riga ma bai kawar da matsalar gaba ɗaya ba, domin ƙwayar tartsatsin da aka saba amfani da ita tana ɗauke da sinadarin dalma. Darasin ya wuce filin harbi. Dalmar da ake narkawa ana liƙa waya da ita a shagon gyara, hayaƙinta da ƙurarta suna bin hannu zuwa baki, musamman ga mai cin abinci a kan teburin aiki.

Gasar da sikeli yake yanke hukunci

Gasar da ta fi jawo wannan sana'a ita ce ta ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a garin Columbia na jihar Missouri a 1976, Jeff Cooper ya zama shugabanta na farko. Ba tsayawa wuri ɗaya ake yi ba. Ɗan gasa yana gudu tsakanin shingaye yana harbin takardu da faranta na ƙarfe, sannan a raba makin da ya samu da daƙiƙun da ya ɓata. Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta ƙananan bindigogi a 1979 da 2002, ta sake karɓa a 2025. A can akwai ƙungiyoyi masu rajista, da lasisi na musamman ga 'yan wasa, har da masana'antun da ke yin harsashi mai rigar jan ƙarfe.

Da za a bar kowa ya zo da abin da ya ga dama, sai mai wayo ya ɗura harsashi mai rauni wanda ba ya girgiza hannu, ya cinye gasa. Don haka aka kafa ma'aunin ƙarfi. Ana ɗaukar nauyin kan harsashi a ma'aunin giren, wanda giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, a ninka da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000. Dole sakamakon ya kai 125. Misali, kai mai giren 124, wato kusan giram 8, idan ya yi gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa, lissafi ya ba da 124. Ya faɗi ke nan, da maki ɗaya tak, kuma duk abin da mai shi ya harba a gasar ba zai shiga lissafi ba, ko daga wace nahiya ya sayi tikitin jirgi ya zo. A manyan gasa alƙalai suna karɓar harsashi takwas daga hannun kowa, su zare kan ɗaya su ɗora a sikeli, su harba uku ta gaban na'urar auna gudu. Sanyi ko zafin gari yana iya sauya gudun, shi ya sa masu hankali suke barin rata.

A nan ne wayar hannu ta shigo da ƙarfinta. Na'urar auna gudu a da wani dogon akwati ne mai idanu biyu da ake harbi ta samansa, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mai harbi ya kan sami na'urar maimakon takarda. A 2023 kamfanin Garmin, wanda aka fi sani da agogon motsa jiki, ya fitar da Xero C1 Pro, 'yar na'ura da ke shiga aljihu, mai aiki da rada, tana aika gudun kowane harsashi zuwa manhajar waya. Ana ƙidaya lokaci da na'urar da ke sauraron ƙarar harbi, ana tattara maki a manhajar PractiScore, sakamako ya hau intanet kafin a kwashe kaya. Duk wanda ya kalli teburin mai wannan sana'a da kyau zai ga sikelin lantarki, da ma'aunin tsawo mai karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, da littattafan ƙa'ida da kamfanoni suka wallafa bayan gwaji a ɗakin bincike. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna waɗannan, saboda ba su da armashi.

Duk da wannan awo, ana samun kuskure, kuma iri biyu ne aka fi tsoro. Ko dai a manta ba a zuba gari ba, kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe. Ko kuma a zuba sau biyu a kwanso ɗaya. Kowanne yana iya fasa bindigar da injiniyoyi suka ƙera da ƙarfe na musamman suka kuma gwada ta. To ina ga harba-ka-ruga da aka haɗa da bututun da ba wanda ya taɓa auna ƙarfinsa? Maƙeran Kano, na baƙi da na fari, suna da gwaninta da aka daɗe ana yabo, har Philip Jaggar ya rubuta littafi guda a kansu a 1994. Amma ido da kunne da gogewar hannu, waɗanda suke isa a ƙera garma ko linzami, ba sa iya ganin matsin da ya ninka na taya sau dubu. Haɗa garin zamani da bindigar gargajiya yana daga cikin hanyoyin da aka fi sani na rasa yatsu da idanu.

Inda dokar Najeriya ta tsaya

A Amurka mutum yana iya sake ɗura harsashi don amfanin kansa ba tare da lasisin ƙera makamai ba. A Najeriya labarin ya sha bamban tun daga tushe. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Ƙaramar bindiga, fistol ce ko libarba, tana rukunin farko tare da bindigogin soja da gurneti, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinta. Rukuni na biyu, irin bindigar harbin tsuntsu da bindiga mai aiki da iska, yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗurin baki irin bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini. Wanda bai kai shekara 17 ba ba ya samun ko ɗaya.

Dokar ba ta tsaya kan bindiga ba. Riƙe harsashi ba tare da lasisi ba laifi ne mai zaman kansa. Ƙera shi ko haɗa shi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su laifi ne da hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara goma ba, daidai da na mallakar fistol ba izini. Wato abin da mutumin cikin bidiyo yake yi a garejinsa yana sauraron rediyo, idan aka yi shi a wani soro a Ƙofar Mata, maganar shekara goma ake yi. Aikin ƙera harsashi a ƙasar nan na kamfanin DICON ne da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1964, da kamfanonin da gwamnati ta ba izini. A Agusta 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, a 2024 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ba cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa cikakken iko.

Ana iya yin muhawara a kan ko dokar da aka rubuta kafin samun 'yancin kai ta dace da yau, kuma masu son wasan harbi suna da hujja idan suka ce ta toshe wa 'yan wasa hanya ba tare da ta hana 'yan ta'adda samun makami ba. Amma a yankin da 'yan bindigar daji suka tayar da ɗaruruwan ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, da wuya a samu jami'in tsaro ko alƙalin da zai kalli injin ɗura harsashi a matsayin kayan wasa. Ko bindigar toka ma tana iya jawo abin da ya fi kotu muni. A ƙarshen Maris 2025 an kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo, suna hanyar dawowa Kano yin Sallah, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin farauta a motar da suka hau.

Su kansu kamfanonin intanet sun san abin da ke ciki. Tun 2018 YouTube ya haramta bidiyon da ke koyar da haɗa bindiga ko harsashi dalla-dalla. Abin da ya rage yana yawo shi ne gutsattsarin da aka yanke, mai nuna sheƙi da sauri, babu awo, babu gargaɗi, wanda a wani fannin ya fi cikakken darasi haɗari.

Mutumin da ya sa hannu a aljihu

Abin mamaki, ɗan wasan harbin da ya fi yawo a wayoyin matasan Kano bai ɗura harsashi ko ɗaya ba. Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda hotonsa ya cika Facebook da WhatsApp a lokacin wasannin Olamfik na Paris 2024, yana tsaye da farar riga, hannu ɗaya a aljihu, ba tare da tarkacen gilashin da sauran ke sawa ba, bindigar iska ce a hannunsa. Shi da Şevval İlayda Tarhan suka ci lambar azurfa a gasar haɗaka ta mita 10. Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu, wadda ita ma bidiyonta ya zagaya duniya a makon, azurfa ta ci a irin wannan bindiga.

A wannan wasa babu gari, babu kwanso, babu hayaƙi. Iska ce da aka matse a 'yar tukunya take tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, ba ta kai maɓallin riga babba ba, kuma ana harbinta daga mita 10 da hannu ɗaya, sau 60 cikin minti 75. Na'urar lantarki ce ke gano inda ƙwayar ta ratsa, maki ya fito a allo nan take. A wasan nan mai rukuni biyar na Olamfik an ma daina amfani da ƙwayar gaba ɗaya tun gasar Landan ta 2012, hasken leza ake harbawa. Akwai kuma ƙananan na'urori irin MantisX da ake maƙalawa a jikin bindigar atisaye, suna auna rawar hannu kafin da bayan jan kunama, su zana ta a allon waya.

Najeriya tana da hukumar wasan harbi ta ƙasa, kuma ta wannan ƙofa ce ɗan Kano mai sha'awar saiti zai iya shiga ba tare da ya taka doka ba. Sai dai a lura, bindigar iska ma tana cikin rukuni na biyu na dokar 1959. Wanda ya gan ta a shafin sayayya na ƙasar waje ya tura kuɗi, a hannun jami'an kwastan za ta tsaya, kuma sunansa da lambar wayarsa ne a jikin kwalin.